Filin jirgin Tourou: Na'ura za ta bi layi, amma wa zai shata layin?

A watan Maris na shekarar 2016 ne, saura 'yan makonni ya sauka daga mulki, tsohon shugaban Jamhuriyar Benin, Dokta Boni Yayi, ya buɗe sabon filin jirgin sama na Tourou da ke bayan garin Parakou. Jama'ar arewacin ƙasar sun yi murna matuƙa, musamman 'yan kasuwa da maniyyata aikin Hajji, waɗanda suka saba shafe yini guda a mota, tafiyar fiye da kilomita 400, kafin su isa Kwatano su hau jirgi. Sai dai shekaru sun yi ta shuɗewa bayan wancan biki ba tare da an ga jiragen fasinja suna sauka suna tashi a kai a kai ba. Shi kuwa ƙaramin filin da ke Djougou, ba a ma cika tunawa da shi ba.

Duk lokacin da zancen ya taso, ko a majalisun Zango ko a tashar mota, akwai maganar da ake yawan maimaitawa, har da bakin wasu masu ilimin boko, wai ai jiragen zamani su ke tuƙa kansu, don haka da zarar an shimfiɗa titi an zuba kwalta, tauraron ɗan'adam zai jawo jirgi ya dire shi a Tourou ko cikin dare ko cikin hazo. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. Amma rabin gaskiya ce, kuma a harkar jirgin sama ɗaya rabin da aka bari shi ne wanda ke cin rayuka. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin yadda abin yake, sannan mu faɗa wa hukumomi abin da muke ganin ya rataya a wuyansu.

Na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, wadda matuƙa ke kira otofailot, ba sabuwar aba ba ce. Tun a shekarar 1914 wani matashi ɗan Amurka mai suna Lawrence Sperry ya nuna ta a bainar jama'a a kusa da birnin Faris, inda ya ɗaga hannayensa sama, makanikensa kuma ya fita ya taka fiffike, jirgin bai karkace ba. Abin da waccan na'ura ta iya shi ne riƙe jirgi a miƙe kawai. Daga baya aka koya mata riƙe alƙibla guda da tsayi guda, wato matuƙi ya ce mata fuskanci arewa, ta fuskanta. To amma fuskantar arewa daban, isa inda aka nufa daban. Iska tana bugun jirgi daga gefe tana turarsa kamar yadda ruwa ke jan kwalekwale a kogin Kwara, ga kuma ɗan kuskuren kamfas. Matuƙa suna da lissafi mai sauƙi: kuskuren digiri ɗaya tak yana kauce da jirgi mil ɗaya a kowane mil 60. Tsakanin Kwatano da Parakou a miƙe kimanin kilomita 330 ne, ke nan digiri ɗaya ya isa ya kai jirgi kusan kilomita 6 gefen gari. A ranar da sama ta yi garau wannan ba komai ba ne, matuƙi zai leƙa ya hango. A tsakiyar watan Janairu kuwa, lokacin da hazo ke rufe ƙasar Borgou da Donga har mutum ba ya ganin ƙarshen layinsu, kilomita 6 ba wasa ba ne.

Duniya ta ga iyakar wannan tsohon salo a ranar 1 ga Satumba, 1983, lokacin da wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya tashi daga Alaska zuwa birnin Seoul. Binciken Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ya nuna cewa na'urar ta ci gaba da riƙe alƙibla guda fiye da awa biyar maimakon ta bi hanyar da aka tsara mata, har jirgin ya kauce da kusan kilomita 500 ya faɗa sararin samaniyar Tarayyar Sobiyat, aka harbo shi, mutum 269 suka hallaka. Bayan wannan ne gwamnatin Amurka ta yi alkawarin barin farar hula su yi amfani da taurarinta na GPS.

Yau lamarin ya canza ƙwarai. Akwai kwamfuta a cikin jirgi wadda aka loda wa jerin zanguna na sararin sama, kowanne da lambobin da ke nuna wurinsa a doron ƙasa. Kwamfutar tana karɓar saƙon taurari, tana haɗa shi da lissafin motsin jirgin, tana auna tazarar da ke tsakanin inda jirgin yake da layin da ya kamata ya bi, sannan ta umarci na'urar tuƙi ta gyara. Tana yin haka ba dare ba rana, ba gyangyaɗi ba hira. ICAO ta gindaya ma'auni a kan haka. Idan an ce hanya tana da lamba 1, ana nufin dole jirgi ya kasance cikin mil ɗaya na teku, wato mita 1,852, daga tsakiyar layi a kashi 95 cikin 100 na lokacin tafiya, kuma na'urar ta yi wa matuƙi ƙara idan ta ga ba za ta iya cika wannan sharaɗi ba. Wajen gangarowa sauka ma'aunin yakan matse zuwa 0.3, kimanin mita 550, a wasu filaye na musamman ma har 0.1. Wannan iyaka ce ta doka. A aikace, jirgin zamani da ke samun saƙon taurari lafiya lau kaucewarsa kan tsaya ne a 'yan gomomin mitoci. Saboda haka duk wanda ya tambaye mu ko na'urar tana bin hanya da kyau, amsarmu ita ce tana bi fiye da yadda hannun kowane ɗan'adam zai iya.

A nan ne kuma gizo ke saƙar. Mutanen Djougou, garin da tsofaffin fatake ke kira Zugu, ba sa bukatar a yi masu dogon bayani. Ɗaruruwan shekaru ayarin goro daga Kano da Katsina da Sakkwato ya yi yana ratsa Borgou yana yada zango a garinsu a kan hanyar Salaga ta ƙasar Gwanja. Jakunan ayari ba su taɓa ɓatar da kowa ba, domin sawun na gaba suke bi. Idan ayari ya faɗa hannun 'yan fashi ko ya kwana inda babu ruwa, jagaba ake tuhuma da madugu. Na'urar tuƙi ita ce jakin da bai san gardama ba. Layin da aka ba ta shi za ta bi, ko da ya ƙare a jikin dutse.

Haka kuwa aka yi a ranar 28 ga Nuwamba, 1979. Wani jirgin kamfanin Air New Zealand ya ɗauki masu yawon buɗe ido zuwa yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. An riga an yi wa matuƙan bayanin hanya kwanaki kafin tafiyar, hanyar da ke bi ta saman wani mashigin teku mai faɗi. Ana gab da tafiya, sai aka sauya lambobin zango guda a kwamfutar ofishin kamfanin da nufin gyara, ba a kuma sanar da matuƙan ba. Wannan sauyi ya matsar da layin fiye da kilomita 40, ya ɗora shi daidai kan dutsen Erebus. Matuƙan sun sauko ƙasa-ƙasa suna zaton teku ne a gabansu, farin gajimare da farar ƙanƙara suka haɗe suka zama abu guda a idonsu, kamar yadda hazonmu ke haɗe sama da ƙasa. Na'urar ba ta yi kuskuren komai ba, ta bi layin sau da ƙafa. Mutum 257 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Mai shari'a Peter Mahon da ya jagoranci kwamitin bincike ya ɗora babban laifin a kan kamfanin, saboda sauya hanya ba tare da gaya wa waɗanda za su bi ta ba. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, sanadin ajalin waɗannan bayin Allah daga kan teburin ofis ya fito.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon labari ne. A ranar 23 ga Mayu, 2022, wani jirgi ƙirar Airbus A320 yana gangarowa filin Charles de Gaulle na Faris cikin ruwan sama, yana bin irin tsarin saukar da ake fatan samu a ƙananan filaye irin namu, wato taurari su nuna masa hagu da dama, ma'aunin nauyin iska kuma ya nuna masa tsayi. Wannan ma'auni sai an ba shi lambar nauyin iskar wurin a daidai lokacin, kuma daga hasumiya ake karanto wa matuƙi lambar. Aka karanto masa 1011 maimakon 1001. Bambancin goman nan ya sa jirgin ya riƙa tafiya ƙasa da inda ya kamata da kimanin ƙafa 280, alhali duk allunan da ke gaban matuƙan suna nuna masu komai daidai. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Faransa ta gano cewa saura ƙafa 6 jirgin ya taɓa ƙasa a fili, tun bai kai titin sauka ba, kafin ya sake ɗagawa. Ƙafa shida, tsayin mutum ɗaya. Idan haka za ta faru a ɗaya daga cikin manyan filayen Turai, inda ma'aikata da kayan aiki suka wadata, to me za a ce da filin da ma'aunin iskarsa ya shekara ba a duba shi ba, ko wanda ma'aikacin yanayinsa ke tashi aiki da la'asar?

Akwai kuma wani abin mamaki da ƙwarewar na'urar ta haifar. A da, jirage biyu da aka yi kuskuren ɗorawa a hanya ɗaya da tsayi ɗaya sukan wuce juna da tazarar mil ɗaya ko biyu, saboda kowannensu ya ɗan kauce. Yanzu kowa na kan tsakiyar layi. A ranar 29 ga Satumba, 2006, wani Boeing 737 na kamfanin Gol da wani ƙaramin jirgi ƙirar Legacy suka gogi juna a tsayin ƙafa 37,000 a saman dajin Amazon na Brazil, suna tafe gaba da gaba a hanya guda. An samu sakaci daga masu ba jirage hannu, kuma na'urar da ke sanar da matsayin ƙaramin jirgin ba ta aiki a lokacin. Mutum 154 da ke cikin babban jirgin duk suka rasu. Saboda irin wannan hatsari ne ICAO ta amince matuƙa su riƙa matsawa dama da layi har zuwa mil 2 a wasu yankunan da idon rada bai kai ba, wato sai da aka koma ana saka kaucewa da gangan.

Mu dawo gida. Tsohuwar hanyar saukar da jirgi cikin duhu ko hazo ita ce a kafa na'urorin rediyo a bakin titi, ɗaya ta nuna tsakiyar titin, ɗaya ta nuna gangara. Suna da tsada, suna son lantarkin da ba ya yankewa, kuma dole jirgin awo ya riƙa zuwa lokaci-lokaci yana gwada su. Filin da jirgi bai fi ya sauka sau biyu ko uku a mako ba da wuya ya iya ɗaukar nauyinsu. Shi ya sa sauka da taimakon taurari ta zama babbar dama ga wurare irin Tourou da Djougou, kuma tun a 2010 babban taron ICAO ya bukaci ƙasashe su samar da irin wannan tsari mai nuna gangara a titunan saukarsu kafin ƙarshen 2016. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage a yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa, wadda aka kafa a 1959 kuma Benin ke cikin mambobinta, ta ma yi gaba. A shekarar 2020 ta fara watsa saƙon gwaji na gyara kurakuran GPS ta kan tauraron Nijeriya, NigComSat-1R, sannan a watan Janairun 2021 aka yi gwajin sauka da shi a filin Lome, maƙwabciyarmu. Amfanin wannan tsari shi ne tsayin ma daga taurari jirgi zai samo shi, ba sai ya dogara kacokan ga lambar da aka karanto masa ba. Mun yaba da wannan yunƙuri, muna kuma ganin filayen karkara ne suka fi cancantar cin moriyarsa, tunda manyan birane sun riga sun mallaki na'urorin ƙasa.

To amma rashin bukatar na'ura a bakin titi ba ya nufin rashin bukatar aiki. Kafin a zana layin sauka, sai masu awo sun auna bakin titi da ƙarshensa bisa ma'aunin duniya da ICAO ta wajabta tun 1998, sun auna kowane tudu, kowace doguwar bishiya, kowace hasumiyar masallaci ko coci da ke kewaye. Sai ƙwararren mai zana hanya ya zauna ya fitar da layin, wani ƙwararren daban ya bi lissafinsa, jirgin awo ya zo ya bi layin da rana tsaka ya tabbatar, sannan a buga shi a kundin ƙasa. Kamfanonin da ke loda wa jirage bayanai suna sabunta su ne duk bayan kwana 28. Ke nan idan kamfanin wayar salula ya kafa dogon ƙarfe a gefen hanyar Djougou yau, ba a kai rahoto ba, to babu shi a cikin kwamfutar kowane jirgi a duniya, kuma na'urar ba ta da idon ganinsa. Kowa ya san yadda Parakou ke faɗaɗa, da yadda ake yanka filaye ana gini kafin hukuma ta farga. Tsohon filin jirgin garin ma ai gidaje ne suka zo suka kewaye shi. Djougou kuwa ƙasa ce mai tuddai, ga duwatsun Atakora a arewa maso yamma da ita.

Sai wata matsala da ta keɓanci yankinmu. Parakou da Djougou suna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, kuma a wannan ɗamara wani sashe na can ƙololuwar sama mai ɗauke da lantarki yakan rikice bayan faɗuwar rana, musamman wajen watannin Maris da Satumba da kuma shekarun da rana ke tsananta aiki. Idan ya rikice, saƙon taurari yakan yi rawa, wani lokaci ya yanke na ɗan lokaci. Masana sun daɗe da sanin haka, kuma ita kanta Djougou ta ba da gudummawa ga ilimin sararin samaniyar yankin, domin tana cikin garuruwan da aka kafa wa tashar GPS ta bincike a tsakiyar shekarun 2000, ƙarƙashin shirin AMMA na nazarin damunar Afirka ta Yamma. Ban da wannan, tun daga 2022 rahotannin toshe saƙon GPS da gangan ko gurɓata shi sun yawaita a yankunan da ake yaƙi, ciki har da Gabas ta Tsakiya inda jiragen alhazanmu ke dosa. Don haka muna jan kunnen hukumomi da kada ɗokin sabon abu ya sa a yi watsi da tashoshin rediyon ƙasa da ake da su. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Shi ma matuƙi yana da nasa kason. A daren 5 ga Mayu, 2007, jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala cikin hadari, kyaftin ya ba da umarnin a kunna na'urar tuƙi, ba ta kama ba, kuma babu wanda ya tabbatar. Jirgin ya yi ta karkata dama a hankali babu mai riƙe da shi, har ya faɗa fadama da mutum 114. Mutanen Benin kuma ba za su manta da ranar Kirsimeti ta 2003 ba, lokacin da wani Boeing 727 mai zuwa Beirut ya kasa ɗagawa a Kwatano saboda lodin da ya wuce kima wanda ba a san yadda aka jera shi ba, ya daki ginin da ke ɗauke da na'urar nuna tsakiyar titi, ya tarwatse a bakin teku, fiye da mutum 140 suka mutu. Babu na'urar da za ta gyara takardar lodin da aka cika da ƙarya.

Ba muna faɗin waɗannan don tsorata kowa ba ne. Arewacin Benin na bukatar filin jirgi mai aiki, ba don alhazai da 'yan kasuwar auduga da kashu kaɗai ba. Tun daga ƙarshen 2021 da hare-haren 'yan bindiga suka fara addabar yankunan iyaka na Alibori da Atakora, ɗaukar wanda ya ji rauni cikin gaggawa ya zama batun rai da mutuwa, kuma rauni ba ya jiran gari ya waye ko hazo ya washe. Abin da muke tsoro shi ne a sake kashe kuɗin talakawa a kan abin da ido ke gani, kwalta da gilashi da fenti, a bar abin da ba ya fitowa a hoton ranar biki.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Benin, ANAC, da ASECNA da su fito su bayyana wa jama'a, cikin harshen da za su fahimta, wane tsarin sauka aka tanadar wa Tourou, yaushe aka auna kewayensa na ƙarshe, kuma wa ke da alhakin sake aunawa. Muna kira ga magadan garin Parakou da Djougou da kada su sa hannu a takardar izinin kafa dogon ƙarfe ko bene a kusa da filayen nan sai hukumar jirage ta gani ta amince, su kuma sarakuna da masu unguwanni su taimaka wajen hana yanka filaye a bakin titin sauka. Makarantar ASECNA ta horar da ma'aikatan yanayi da na hasumiya tana nan a Yamai, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, kuma akwai shirin horar da masu zana hanyoyin jirage na Afirka a Dakar. 'Yan majalisar da ke wakiltar Borgou da Donga su nemi a ware wa 'ya'yan yankin gurabe a waɗannan wurare, a kuma sa albashinsu da kuɗin kula da ma'aunan yanayi a cikin kasafin kowace shekara, domin ma'aikacin da aka turo daga kudu yana ƙirga kwanakin komawa gida ba zai zauna ya san hazon Janairu da guguwar Afrilu ba.

Game da Djougou kuwa, ba ma neman a gina mata katafaren fili. A kewaye wanda ke akwai da shinge don hana dabbobi da masu babura ratsawa, a auna shi, a sa masa ma'aunin iska da rediyo da mutum biyu ko uku masu horo, a zana masa layin sauka guda ɗaya da aka tabbatar. Tazararsa da Parakou ta sama ba ta kai kilomita 120 ba, tafiyar da ƙaramin jirgi zai yi cikin kusan rabin awa, don haka duk ranar da wani abu ya tare titin Tourou, matuƙin da ya ɗauko majinyaci zai samu wurin sauka kusa maimakon ya juya har Kwatano.